Yaƙin Salibi Ba Gadon Gidanmu Ba Ne

A satin zaɓen ƙungiyar ɗalibai da ya wuce, ni da abokin ɗakina mun yi kwana uku ba mu ci abinci a kwano ɗaya ba. Wanda ya san ɗakinmu ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tun shekararmu ta farko tukunyarmu ɗaya, rishonmu ɗaya. Shi yake zuwa da dankali da doya daga gida, ni nake zuwa da wake da yaji, kananzir kuma karo-karo muke yi. Shi Kirista ne, ni Musulmi, kuma ban taɓa jin wannan ya hana shi tada ni sahur ba.

Hoto ne ya raba mu. Wani ya tura shi a guruf ɗin sashenmu na WhatsApp: mahayin doki da rawani da takobi tsirara, an rubuta Salahuddin a ƙasa, aka liƙa sunan ɗaya daga cikin 'yan takara. Ba a yi minti goma ba wani ya rama da nasa, Bature cikin sulke da jan gicciye a ƙirji. Ni kuwa, ba tare da wani dogon tunani ba, na danna alamar yatsa a kan na farkon. Abokina ya gani. Bai ce mini uffan ba, da daddare dai ya dafa indomi ɗinsa shi kaɗai. Kujerar da aka fito wa da dawakai da takubba saboda ita, don Allah ku ji, ta daraktan walwala ce. Mutumin da aikinsa shi ne bin kadin famfon hostal da banɗaki.

Kunyar abin ce ta kai ni laburare. Na ce tunda na shiga yaƙi, bari in san wane yaƙi ne. Na fara da littafin Amin Maalouf, marubucin nan ɗan Labanon da ya ba da labarin daga bakin marubutan Larabawa na wancan zamani, daga nan na bi wasu. Abin da na fito da shi shi nake so in faɗa a nan: wannan yaƙi ba namu ba ne, kuma hoton da kowane ɓangare yake yawo da shi a waya bai yi kama da abin da ya faru ba.

Mu fara da yadda aka soma. A 1071 Turkawan Saljuƙ suka karya rundunar Rumawa a Manzikart, suka bazu cikin ƙasar da yau ake kira Turkiyya. Sarkin Rumawa na Kustantiniyya, wato Istanbul ta yanzu, ya nemi agajin sojoji daga Yamma. A watan Nuwamba 1095 Fafaroma Urban na biyu ya tsaya a garin Kilamon na Faransa ya yi kira a je a karɓo Ƙudus, ya yi wa masu zuwa alkawarin gafarar zunubi. Sarkin Rumawa sojan haya yake nema, sai ga ambaliyar mutane, da sarakuna da talakawa da mata da yara. Ba zan yi wa kowa ƙarya in ce ba addini a ciki ba. Akwai, sosai ma. Mutum ba ya jinginar da gonarsa ya taka dubban kilomita don wasa.

To amma wa suka fara kashewa? Ba Musulmi ba. A 1096, tun ba su bar Jamus ba, wasu gungu daga cikinsu suka auka wa Yahudawan garuruwan Woms da Mainz da ke gaɓar kogin Rayin, suka yi musu kisan gilla, har da waɗanda suka fake a gidan bishop.

Ranar 15 ga Yuli 1099 suka shiga Ƙudus, ko Urushalima kamar yadda abokina yake kiranta. Abin da aka yi a ranar ba shi da daɗin faɗa. An kashe Musulmi a harabar Masallacin Aƙsa, an kashe Yahudawa, marubutan su maharan da kansu sun rubuta yadda jini ya kwarara, suna alfahari. Duk Kiristan da zai sa hoton mai jan gicciye a wayarsa ya kamata ya san wannan ranar yake ɗauke da ita.

Amma mu ma akwai tambayar da ba mu cika yi wa kanmu ba. Ina Musulmi suke har baƙi 'yan dubbai suka ratsa ƙasar Sham suka ci birnin? Suna can suna faɗa da juna. Sarkin Halab da sarkin Dimashƙu wa da ƙane ne, kuma ba sa ga maciji. Fatimawan Masar, waɗanda 'yan Shi'a ne, sun aika jakadu wurin Turawan tun suna kewaye da Antakiya, don a ganinsu Saljuƙawa ne babban abokin gaba. Ƙudus ɗin ma a hannun Turkawa suka ƙwace ta a 1098, shekara guda kafin a ƙwace musu. Da alƙalin Dimashƙu, Alharawi, ya je Bagadaza da 'yan gudun hijira cikin watan azumi yana kuka, an taya shi kuka, amma ba a tura runduna ba.

Haka abin ya ci gaba shekara kusan ɗari biyu. In kana neman layi ɗaya miƙaƙƙe, Musulmi a nan Kirista a can, ba za ka same shi ba. A 1140 Dimashƙu ta ƙulla ƙawance da sarkin Turawan Ƙudus don ta kare kanta daga Imaduddin Zanki, Musulmi ɗan'uwanta. Matafiyin nan Ibn Jubair, mutumin Andalus, ya bi ta wurin a 1184, ya yi mamakin yadda ayarin fatake suke kai da kawo tsakanin Dimashƙu da Akka, kowa yana biyan kuɗin fito, alhali sojoji suna can suna gwabzawa. Ko a lokacin ma kasuwa ba ta san yaƙi ba.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai na Usama bin Munƙiz ne, basarake kuma mayaƙi daga Shaizar, wanda ya yaƙi Turawan kuma ya yi abota da wasunsu. A littafinsa Kitabul I'itibar ya ba da labarin cewa in ya je Ƙudus, mayaƙan nan da ake kira Tamfila, waɗanda suka mai da Aƙsa hedikwatarsu, sukan ware masa wani ɗan wuri ya yi salla. Wata rana ya tada kabbara sai wani Bature ya cafke shi ya juya shi gabas, wai haka ake ibada. Tamfilawan suka janye mutumin. Ya sake dawowa, suka sake fitar da shi, sannan suka ba Usama haƙuri, suka ce baƙo ne, kwanan nan ya iso daga Turai. Usama ya lura cewa sababbin zuwa sun fi tsofaffin zama zafin kai. Da na karanta wannan sai da na yi dariya ni kaɗai a laburare, don wallahi waɗanda suka fi zaƙewa a guruf ɗinmu ranar nan 'yan ajin farko ne, waɗanda ko semista ɗaya ba su yi da maƙwabcin da ba addininsu ɗaya ba.

Sai Salahuddin, wanda na danna wa yatsa. Ina girmama shi, har yanzu. Ya karya rundunar Turawa a Hiɗɗin ranar 4 ga Yuli 1187, Ƙudus ta miƙa wuya ranar 2 ga Oktoba, kuma bai rama abin da aka yi a 1099 ba. An yanka fansa, dinari 10 kan namiji, 5 kan mace, shi da ɗan'uwansa suka saki da yawa kyauta, Kiristocin Gabas kuma aka bar su a gidajensu. Wannan abin yabo ne a kowane zamani. Sai dai mutum ne ɗan siyasa. Bakurde ne, ba Balarabe ba. Daga 1174 zuwa 1186 yawancin yaƙinsa da Musulmi ya yi shi, da gidan Zanki a Halab da Mausil, gidan ubangidansa Nuruddin ke nan. Bayan Hiɗɗin ya sa an sare kawunan fursunonin Tamfila da takwarorinsu. A Ƙudus kuma dubban matalauta da suka kasa biyan fansa bauta aka kai su. Abokin karawarsa, Richad na Ingila, wanda Turawa suke wa kirari da mai zuciyar zaki, ya sa an yanka fursunoni Musulmi fiye da 2,000 a Akka a 1191. Shekara guda bayan haka su biyun suka yi sulhu.

Yanzu ga wanda nake so 'yan'uwana Kiristoci su tsaya su ji. Na sha jin hujjar cewa yaƙin Salibi kare kai ne, Musulmi ne suka fara cin ƙasashen Kirista. Akwai gaskiya a ciki, kada mu yi musun abin da yake a rubuce. Sham da Masar ƙasashen Kirista ne kafin ƙarni na 7, kuma a 1009 halifan Fatimawa Alhakim ya sa an rushe cocin da Kiristoci suka yi imani nan ne kabarin Yesu. To amma duba yadda masu kare Kiristan suka yi da Kirista. Rundunar yaƙi na huɗu ta yi kwangilar jiragen ruwa da 'yan kasuwar Benis a kan mak 85,000 na azurfa, ta kasa biya. Don rage bashi suka fara cin Zara a 1202, garin Kiristoci 'yan Katolika irinsu. A watan Afrilu 1204 suka fasa Kustantiniyya, birnin Kirista mafi girma a duniya a lokacin, birnin da sarkinsa ya nemi agaji tun farko. Kwana uku suna wasoso. Sun kwashe kayan cocin Aya Sofiya, sun keta alfarmar mata har da masu hidimar coci, dawakan tagulla huɗu da suka ɗauke har yau suna Benis. Daular Rumawa ba ta sake komawa yadda take ba har Usmaniyawa suka ci birnin a 1453. Ciwon bai warke ba, don a 2001 sai da Fafaroma John Paul na biyu ya bayyana nadama kan abin a gaban shugaban cocin Girka a birnin Atina. A 1209 kuma aka ƙaddamar da wani yaƙin Salibin a kudancin Faransa, kan mutanen da suke kiran kansu Kirista, coci ta ce 'yan bidi'a ne.

Mu kuma kada mu yi murna. Da Baibars, sarkin Mamalik na Masar, ya ci Antakiya a 1268, kisa da bautarwar da aka yi sun kai a sa su a layi ɗaya da na 1099. Kuma bala'in da ya fi girgiza Musulmin wancan zamani ba daga Turai ya zo ba, Mongolawa ne da suka rusa Bagadaza a 1258. Da Mamalik suka fita tarar su a 1260, Turawan Akka ne suka ba su hanya ta ƙasarsu.

Akwai sau ɗaya da aka warware rikicin Ƙudus ba a zub da jini ba. A 1229 sarki Alkamil na Masar, ɗan ɗan'uwan Salahuddin, da sarki Firedirik na biyu suka yi yarjejeniyar shekara goma: birnin ya koma hannun Kirista, harabar Aƙsa ta zauna a hannun Musulmi. Me suka samu? Masu wa'azi a Dimashƙu suka yi ta la'antar Alkamil. Shi kuma Firedirik, wanda dama Fafaroma ya kore shi daga coci, ranar da zai bar Akka mutanen gari da kayan cikin dabbobi suka jefe shi. Mai sulhu bai taɓa farin jini a gidansu ba.

Akka ta faɗi a 1291, mulkin Turawa a gaɓar Sham ya ƙare. Ku riƙe wannan shekarar, don a nan tawa hujjar take. Bisa Tarihin Kano, Wangarawa sun zo da Musulunci fadar Kano a zamanin Sarki Yaji, wanda ya hau a 1349. Wato an gama yaƙin da fiye da shekara hamsin kafin nan. Kanem ta riga mu, gaskiya ne, har mutanenta sun gina makaranta a Alƙahira a tsakiyar ƙarni na 13, amma su ma karatu da hajji suka kai su. 'Yan mishan kuwa sai wajen farkon ƙarni na 20 suka kafu a Arewa. Ranar da aka ci Ƙudus a 1099, mai yiwuwa kakana da kakan abokin ɗakina duk tsafi suke yi, wataƙila ma a gindin dutse ɗaya. Da Bature mai jan gicciyen nan zai ga abokina, ba zai tsaya tambayar sunan cocinsa ba.

To ta ina abin ya zo mana da zafinsa haka? Wannan ne ya fi ba ni mamaki. Marubutan Larabawa na lokacin, irin su Ibnul Asir, Faranjawa suke kiran maharan, wato da sunan ƙabila. Sunan yaƙe-yaƙen Salibi bai zama ruwan dare a Larabci ba sai a ƙarni na 19, kuma littafin farko da wani Musulmi ya keɓe wa batun da wannan suna, na Sayyid Ali Alhariri, a 1899 ya fito a Masar. Ba wai an manta Salahuddin ba ne, amma a wurin masu ba da labari a gidajen shayin Alƙahira da Dimashƙu, Baibars ya fi shi suna nesa ba kusa ba. Turawa ne suka tono labarin lokacin da suke bukatarsa. Marubucin Birtaniya Walter Scott ya mai da Salahuddin gwarzon littafin hikaya a 1825. Faransa ta auka wa Aljeriya a 1830, a shekarun 1840 kuma sarkinta ya buɗe ɗakunan zane-zanen yaƙin Salibi a fadar Basai, don a nuna mulkin mallaka ci gaban aikin kakanni ne. A 1898 sarkin Jamus Wilhem na biyu ya je kabarin Salahuddin a Dimashƙu ya yi ta zuba yabo, don yana zawarcin Usmaniyawa. Da Janar Alanbi ya shiga Ƙudus a Disamba 1917, wata mujallar barkwanci ta Landan ta zana Richad yana leƙo birnin, wai burinsa ya cika, alhali akwai Musulmi 'yan Indiya a rundunar Birtaniya, Jamus Kirista kuma tana ɓangaren Turkawa.

Daga nan shugabannin Larabawa suka karɓa. Gamal Abdul Nasir ya ɗauki mikiyar Salahuddin ta zama tambarin Masar. Saddam Husaini, wanda ya fito daga yankin Tikrit inda aka haifi Salahuddin, ya sa ana zana su tare, shi ne kuma ya watsa wa Kurdawa, dangin Salahuddin, iskar guba a Halabja a 1988. A 1998 Usama bin Ladan ya sa wa ƙawancensa sunan yaƙi da Yahudawa da 'yan Salibi. A Satumba 2001 shugaban Amurka George Bush ya kira yaƙinsa da ta'addanci "crusade", fadarsa ta yi ta gyara magana daga baya, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Mutumin da ya kashe mutum 77 a Nowe a 2011 Batamfile yake kiran kansa. Wanda ya kashe masallata 51 a Kiraiscoc ta Niyu Zilan a 2019 ya rubuta sunayen tsofaffin yaƙe-yaƙen Kirista da Musulmi a jikin bindigoginsa. Ku duba wannan jerin da kyau. Su ne abokan tafiyar duk wanda ya tura ɗaya daga cikin hotunan nan biyu, har da ni mai danna yatsa.

Ita kalmar ma a nan gida ta taɓa mu. In abokina ya ce zai je "crusade", taron wa'azi da waƙa da addu'a yake nufi a fili, ko wuƙar yanka albasa ba ya ɗauka. Ni kuma da na tashi ina jin tarihin a bakin malamai, abin da kunnena yake ji daban. Haka shi ma in ya ji kalmar jihadi, ba yaƙi da son zuciya yake ji ba. A Oktoba 1991 an yi mummunan rikici a Kano kan zuwan mai wa'azin nan Bajamushe Reinhard Bonnke, an yi asarar rayuka da dukiya. Ba zan ce kalma ɗaya ce ta jawo shi ba, dalilan sun fi haka yawa, amma sunan taron ke nan, kuma waɗanda suka mutu ba Faranjawa ba ne ba Mamalik ba, 'yan kasuwa ne da leburori da 'yan makaranta irinmu.

Na san abin da wani zai ce: to Gaza fa? Iraƙi fa? Ba ci gaban yaƙin ba ne? Ni ma abin yana ci mini rai, kuma ban ce a yi shiru ba. Amma a kira zalunci da sunansa na yau: mamaya, ƙwacen ƙasa, cinikin makamai, man fetur. Cikin Falasɗinawa akwai Kiristoci, kuma a Oktoba 2023 bam ya faɗa harabar tsohon cocin Fofiriyos a Gaza ya kashe mutanen da suka fake a ciki. Fafaroma John Paul na biyu ya fito fili ya ƙi yaƙin Iraƙi na 2003, yaƙin da ya tarwatsa Kiristocin Iraƙi da suka fi shekara dubu da ɗari biyar a wurin. Ranar da ka ce wa abin yaƙin Salibi, ka kori duk waɗannan daga sahunka, ka kuma tura abokin ɗakinka sahun da bai taɓa cewa yana ciki ba.

Ina roƙon hukumar zaɓen ƙungiyarmu abu ɗaya. A zaɓe mai zuwa, duk ɗan takarar da magoya bayansa suka fito da irin waɗannan hotuna, a kira shi gaban majalisar ɗalibai ya nesanta kansa da su a fili, in ya ƙi a cire sunansa. Shugabannin ƙungiyoyin addini biyu na makarantar nan kuma su daina yin kamar ba su gani ba, don duk suna cikin guruf ɗin.

A rana ta huɗu na sayo kananzir da kuɗina ni kaɗai, na dafa wake da dankalinsa ba tare da na tambaye shi ba. Muna ci na ba shi labarin Usama da Baturen da ya juya shi gabas. Ya yi dariya har ya ƙware, sannan ya ce shi dai bai ga na cire yatsan nan ba har yanzu. Na ciro waya na cire a gabansa. Na kuma gaya masa cewa mabuɗin babban cocin nan na Ƙudus, ɗaruruwan shekaru ke nan yana hannun wasu gidaje biyu na Musulmi, su suke buɗewa da asuba su rufe da dare. Ya ce to ni ma ga mabuɗin ɗaki nan, in tashi in je layin ruwa, don famfon hostal ɗinmu yau sati biyar ke nan bai kawo ba.